Kunun Goggo, da Ɗurar da Na Yi

Mai rai da mutuwa ya aiko kiransa gidanmu ranar Talata da hantsi, yayar maigidana ta amsa. Ita ce wadda duk Tambuwal ke kira Goggo. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, na faɗa na sake faɗa, amma har yanzu in na dubi ƙofar ɗakinta sai in ga kamar za ta ɗaga asabari ta fito tana faɗa.

Ni matar ƙanenta ce. Shi ya riga ta tafiya da shekara tara. Ban iya rubutu ba, don haka autana, wanda ke koyarwa a makarantar elementare, shi ke riƙe da alƙalami. Na ce masa ya sa magana yadda ta fito daga bakina, in kuka ya ci ƙarfina ya jira ni.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nata ba. Mace ce da ba ta haifi ko ɗa guda ba, amma tabarmin gidan nan suka kasa, sai da aka aro na maƙwabta. Wani mahauci, ƙato da furfura a gemu, an ce ya zauna a zaure yana kuka da majina, maza na ba shi baki, yana cewa, "Ku ƙyale ni. Abin da ya fara shiga cikina bayan nonon uwata, daga hannunta ya fito." Wata Bafulatana da ke kawo mata man shanu duk lokacin da suka sauko da garke ta shigo da ƙwarya a ka, ba ta ji labari ba. Da ta ga mata zaune, ta sauke ƙwaryar a bakin ɗakin, ta zauna a ƙasa tana cewa, "Goggo am, Goggo am," wato Goggona da Fulatanci, ba ta ƙara komai ba har la'asar. A tsakar gida kuwa mata biyu suka kusa yin faɗa a kan ko kabewa take fara ba jarirai ko kunu. Wata tsohuwa ta ce musu, "Ku yi shiru, da tana nan da duk ta zage ku, ku biyun ba ku iya tata ba." Aka yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Ranar sadakar uku surukata ta iso daga Kebbe, uwar matar autana. Matar tana can wurinta tun goyon ciki. Ta haifi 'ya mace, ta fari a wurinsu, aka sa mata sunan Goggo. Damina ta ɓata hanya, shi ya sa ba su dawo ba har yarinya ta shiga wata shida. Goggo ta yi alkawari in ruwa ya ɗauke za ta je da kanta ta fara ba takwararta abinci. Ruwa ya ɗauke, ita ma ta tafi.

Da surukata za ta koma, ta kama hannuna ta ce, "Innar Malam, kada ki damu da zancen takwara. Ta isa ci. In na koma ɗura za ni yi mata, kwana ukku cikinta shi saba. Haka munka yi ma namu duka."

Kowace mace a ƙasar nan ta san ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a dunƙula tafin hannu a bakinsa a zuba kunu, a toshe hancinsa, in ya buɗe baki neman numfashi ya haɗiye ko yana so ko ba ya so. Na buɗe baki in ce a'a, kunyar surukuta ta kama harshena. Abin da na iya cewa shi ne, "Allah shi raya." Ta tafi. Tun daga ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Abu biyu ya sa na zaunar da autana: kada a manta da Goggo, kuma akwai jikata a Kebbe da za a toshe wa hanci.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan daga Fakku, na tarar Goggo ta dawo gidan ubanta. Aure biyu ba haihuwa, ta ce ta gama. Ni ina ce mata Yaya, ita kuwa har na yi furfura ba ta daina ce mini 'Yar Fakku ba. Ba ungozoma ba ce, ba ta yankan cibi. Aikinta yana farawa ne in yaro ya soma bin ludayi da ido. Uwa kan kawo mata yaro, ta ɗora shi a cinya, ta ɗauki wani abu tana ci a gabansa da gangan, tana tauna da ƙarfi kamar akuya. In ya bi hannunta da ido, ya miƙo nasa, wuyansa kuma ya tsaya, sai ta ce, "To, wanga ya shirya." In bai kula ta ba, ta miƙa wa uwar abinta. "Tafi ki ba shi nono, ba shi da sha'ani da mu tukuna. Ki komo in wata ya tsaya."

Ba ta yarda da surfen kowa. Da kanta take surfa geron, ta wanke shi sau uku, ta jiƙa ya kwana, ta niƙa a dutse, ta kwashe ta sake niƙawa. Tana da wani farin ƙyalle, yankin rawanin ubansu, da shi take tacewa, ba a taɓa shi da wani aiki. In ta gama ta wanke shi ta shanya a kan danga, wanda duk ya bari ya faɗi ƙasa ya shiga uku. Ruwa sai ya tafasa ya yi ta tsalle. Ba yaji, ba kanwa, ba citta. Takan ce, "Harshenai sabo ne, kada ku ɓata mai shi." Kwana uku kunu zalla, mai ruwa-ruwa. Bayan nan kabewa, wadda ta nuna ta yi ja, ta dafa a 'yar tukunya da ruwa kaɗan, ta murje da bayan ludayi, ta tura ta cikin rariya har ba a jin ko ƙullutu guda, ta ɗiga man shanu kamar ƙwayar gero biyu. In ciki ya karɓa, sai dankali. Gyaɗa ce ta ƙarshe, soyayya, an murje ɓawon, an niƙa ta lukui. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. In uwa ta yi gaggawa ta haɗa, sai ta ce, "Kin zuba ukku, cikinai ya ɓaci, yanzu wa za ki kama?" Kuma a gaban kowa take tambayar kashin yaro, launinsa da taurinsa, amare suna rufe fuska tana cewa, "Kunyar mi? Ai shi ne wasiƙar da ciki ke aikowa."

Ranar farko ba ludayi, da ɗan ƙaramin yatsanta take lasa wa yaro. Kafin nan ta ɗiga kunun a cikin hannunta, wajen da jijiya ke bugawa, ta ji zafinsa. A kan jinkar ɗakinta take shuka wasu ƙananan duma, ta fafe su ta yi ludayi ɗan mitsitsi, ta goge bakinsa da dutse don kada ya ji wa dasashi ciwo. Yaro a zaune yake ci, bayansa a jikinta. Ta kai ludayi kusa da leɓe ta ce, "Salamu alaikum, masu gida suna nan?" In ya kau da kai ta ce, "Sun ce ba su nan. Mu komo an jima." Na sha ganinta daga hantsi har azahar a kan ludayi uku. Maganarta ɗaya ce ga kowace uwa: "Ki jira shi buɗe da kainai."

Ba waliyyiya ba ce, kada a rubuta haka. Bakinta kaifi ne da shi. Ta taɓa bin wani magidanci da muciya har ƙofar gida don ya sa wa ɗansa na goye tsire a baki, tana cewa, "Kai da ka haifa ba ka so, ka ba ni in riƙe!" Bayan an sami mulkin kai, wata malamar asibiti ta zo daga Sakkwato tana tara mata a gidan mai unguwa, tana koya musu abincin jarirai. Goggo ta ɗauki sandarta ta tafi da niyyar faɗa. Ta dawo tana tsaki. Na ce, "Yaya, mi ta ce?" Ta ce, "Duk abin da nika faɗi shekara arba'in shi ta faɗi, sai dai ita an ba ta farar riga." Abu ɗaya malamar ta ƙara, cewa ludayin duma yana ɓoye datti, a riƙa tsoma shi a tafasasshen ruwa. Daga ranar Goggo ta fara tsomawa, kuma ta rantse wa kowa tun tana budurwa haka take yi.

Ni kuwa da nake yarinya ina ganin duk wannan ɓata lokaci ne. A Fakku ɗura na taso na gani, ita aka yi mini, ita aka yi wa ƙannena.

Auta ya ɗago kai yana dubana. Na ce masa ya rubuta, yanzu za a zo wurin.

'Ya'yana sun san akwai wanda ya riga su, an ce musu ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi yana goye. Ba ƙarya aka yi musu ba, amma ba a faɗa musu duka ba. Kaka ce, ana yankan gero, maigidana ya yi gayya, ni ce mai dafa wa mutum wajen ashirin. Goggo ta fara ba yaron kunu kwana huɗu ke nan, yana karɓa kaɗan-kaɗan. Da safen nan aka aiko kiranta can ƙarshen gari. Ta dama kununsa ta rufe da faifai ta ce, "Ki jira ni, ba ni daɗewa." Ta daɗe. Yaro ya yi ta kuka, nonona ya yi ƙasa saboda gajiya, tukunya na wuta, fura ban kirɓa ba, ga 'yan gona za su aiko. Na ce a raina abin da Yaya ke yi rabin yini, uwata tana yinsa kafin a ƙirga goma. Na miƙe ƙafa, na kwantar da shi, na zuba a tafin hannu, na toshe hancinsa.

Sau biyu ya haɗiye. Na uku ya ja numfashi tare da kunun. Fuskarsa ta yi baƙi, kunu na fita ta hanci, kukan ma ya ɗauke. A daidai nan Goggo ta shigo. Ta ga hannuna inda yake. Ta fizge shi, ta kifa shi a damtsenta tana bugun bayansa har ya tsanyara. Na ce alhamdu lillahi, ya wuce. Ita ba ta ce ba. Ta kara kunnenta a ƙirjinsa ta daɗe.

Washegari jikinsa ya yi zafi. Ƙirjin yana ƙara kamar ana jan tabarma a ƙasa. Wanzami ya zo, an karɓo rubutu, an yi turare. Ranar ta biyar bayan azahar ya cika a hannun Goggo, domin ni ba a so a ga na riƙe shi da yawa. Ɗan fari ne. Ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya mutu ba a yi masa kuka a fili. Don haka ba wanda ya yi mamakin shiruna. Mata suna cewa, "Kai, 'yar nan akwai kunya." Suna yabon kunyata, ni kuwa tsoro ne ya daskarar da ni.

Da aka dawo daga maƙabarta ina cikin ɗaki na ji maigidana ya tsaya a ƙofar yayarsa ya ce, "Yaya, mi ya same shi? Yaron ga lafiya lau shike." Ta ce, "Ƙirji ne. Kwananai sun ƙare." Ya tsaya kamar zai ƙara tambaya, ta ce, "Tafi ka zauna da mutane." Har ya koma ga Allah bai ji wata magana bayan wannan ba.

Bayan kwana bakwai na same ta ita kaɗai tana wanke ƙyallen tata. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni na kashe shi?" Ba ta daina wankin ba. Ta ce, "Mai kashewa guda ne, ba ke ba ce. Amma hannunki kada shi sake rufe hancin ɗan kowa ina da rai." Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kan wannan ke nan, ni da ita, shekara arba'in da ɗoriya a gida ɗaya.

Da na haifi ta biyu, ta isa ci, Goggo ta karɓe ciyarwa gaba ɗaya. Ko ƙoƙon ba ta bari in taɓa. Maƙwabta suka lura, suka fara tsokana, wai uwa ce ko 'yar kallo. Abin ya yi ta cina. Wata rana ana sussuka a tsakar gida, mata sun fi biyar, na miƙa hannu zan karɓi ludayi ta janye. Sai na ji bakina ya ce, "Ke da ba ki san zafin naƙuda ba, ke za ki koya mini goyo?"

Taɓare suka tsaya. Kalma ɗaya za ta faɗa ta gama da ni a garin nan, ta san haka, ni ma na sani. Na ga leɓenta yana motsi, na ga maganar ta zo har baki. Ta haɗiye ta. Ta ce, "Gaskiya ne, ban sani ba." Ta ajiye yarinyar a cinyata, ta shiga ɗaki ta saki asabari.

Kwana bakwai ba ta ci tuwona ba. Na dama kunu yadda na ga tana yi, na zaunar da yarinyar, amma da na ɗaga ludayi sai hannuna ya kama rawa, kunu na zuba a ƙirjinta. Ina ganin bakinta sai in ga na wancan ɗan farin. Ran na takwas ina wannan fama na ji an zauna a bayana, an kama wuyan hannuna. Ta ce, "'Yar Fakku, hannunki rawa shikai kamar na ɓarawon kaza. Saki kafaɗa. Jira. Jira dai. To, ga shi ta buɗe." Haka muka ciyar da ita, hannuna a cikin nata, har na iya ni kaɗai. 'Ya'yana biyar da suka rayu, har da shi wannan mai rubutun, duk haka suka fara ci.

Ban taɓa ce mata ta gafarta mini ba. Kullum ina cewa gobe. Da daminar bana ƙafafunta suka kumbura ta kwanta. Tana kwance tana nuna wata kabewa a kan jinka tana cewa, "Waccan ta takwarata ce, wanda ya taɓa ta ni da shi." Ana gobe za ta rasu na kai mata ruwa, ta ce, "'Yar Fakku, hanyar Kebbe ta bushe?" Na ce saura kaɗan. Ta ce, "In ban samu zuwa ba, ke za ki." Na ce, "Haba Yaya, da ƙafarki za ki." Ta dube ni irin duban nan nata. Ga wuri, ga lokaci, ba kowa a ɗakin sai mu biyu. Na ce bari in duba tukunya, na fita. Wannan zan tafi da shi kabarina.

A nan muka tsaya ranar sadakar bakwai. Auta ya ajiye alƙalami ya fita. Da ya dawo idonsa ja, ya durƙusa ya ce, "Inna, in tafi Kebbe in faɗa musu?" Na ce, "Suruki shi koya ma uwar matatai goyo? Za su ce boko ya haukata ka. Nemo mini mota." Abin da ke ƙasa na faɗa masa ne bayan na dawo.

Motar kasuwa ta kafe a laka sau biyu, ƙarshen hanya da ƙafa muka ƙarasa, ina ɗauke da kabewar da ɗan ludayi a ƙullin zane. Na isa da la'asar. Surukata ta gan ni a ƙofa ta dafe ƙirji, domin uwar miji ba ta zuwa kwana gidan surukai ba biki ba rasuwa. Ta ce, "Lafiya, Innar Malam?" Na ce lafiya, jikata na zo gani. Aka miƙo mini ita. Kyakkyawa, mai idon ubanta. Tana hannuna ta yi tari sau biyu. Matar ɗana ta ce kwana huɗu ke nan ana yi mata ɗura, tarin jiya ya fara.

Da safe surukata ta dama kunu mai kauri, da yaji a ciki, ta miƙe ƙafa ta karɓi yarinyar. Yarinyar na ganin ƙoƙon ta sandare ta fara ihu. Akwai maƙwabta biyu a wurin, da matar ɗana. Na ce, "Innar amarya, dakata. Ina da magana."

Na faɗa musu duka, yadda na faɗa wa auta. Ban taɓa yi wa yaron nan kuka a gaban mutane ba sai ranar, a gidan surukai, ina tsohuwa. Na gama. Fuskar surukata ta ɗaure. Ta ce, "Wato tun daga Tambuwal kinka taho ki ce mini ban iya goyo ba, cikin gidana, gaban ɗiyata?"

Na ce, "Na taho in ce miki ni ce ban iya ba."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta tura ƙoƙon da ƙafa, ta ajiye mini yarinyar ta ce, "Ɗiyarku ce. In ta rame a san hannun wa." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Na roƙi gero na surfa da kaina, na yage gefen sabon ɗankwalina na wanke na tace. Kwana biyu yarinyar ba ta buɗe baki ba. Ko yatsa na kai sai ta datse leɓe ta banƙare, ta riga ta san abin da ke biyo bayan ƙoƙo. Na ce wa uwarta ta yi ta ba ta nono, ba yunwar da za ta kama ta. Maƙwabta suna leƙowa ta kan danga. Ɗaya ta ce, "Ku zo ku ga 'yan Tambuwal, roƙon jinjiri sukai." Ɗaya ta ce, "Sai ta yi haƙora a yi shawara da ita." Surukata tana ji tana tsinke zogale, ba ta hana su ba. Ni ma a cikin raina na fara cewa ko na tona wa kaina asiri a banza.

Rana ta uku na zaunar da yarinyar a jikina ina cin kabewar a gabanta, ba ruwana da ita. Can ta miƙo hannu ta kama yatsana ta kai baki da kanta. Ta yamutse fuska, ta tofar, ta sake kamawa. Rana ta huɗu ta karɓi ludayi biyu na kunu. Na sa uwarta ta zauna ta riƙe ludayin, na ce ta yi ta yi a gabana har na ga ta daina gaggawa. Tarin dai bai tafi ba. Na sa aka kai ta wurin malamin magani, ya kara abin sauraro a ƙirjinta, ya ba da ruwan magani ya ce a dawo da ita in jiki ya yi zafi. Har na taho bai yi zafi ba. Ina kara kunnena safe da yamma, ban ji ƙarar nan ba, amma kunnena ya tsufa, ban yarda da shi ba.

Duk kwanakin nan surukata gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ranar da zan taho ta yafa mayafi ta ce za ta raka ni bakin mota. Muna tafe har muka wuce rijiyar bayan gari. A nan ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce, "Wancan naki, kwana nawa ya yi?"

Na ce, "Biyar."

"Da zafin jiki?"

"Da shi."

"Ƙirjin yana ƙara?"

Na ce yana yi.

Ta murza bakin mayafinta. Ta ce, "Ni biyu ne. Guda kwana fuɗu, guda bakwai. Anka ce mini iska ce ta bayan gari."

Sai ta juyo ta dube ni, tana jira in ce mata e ko a'a. Muka tsaya a wurin, tsofaffi biyu, har direba ya yi ta danna ƙaho. Ta karɓi ƙullina ta miƙa wa masu lodi, ta tallafa mini na hau. Ba ta yi mini alkawarin komai ba, ni ma ban nema ba. Da motar ta tashi na waiga, tana nan tsaye inda na bar ta.

Ban san abin da ake yi a gidan nan yau da safe ba. Na ce wa auta ya nemi izini a makaranta ya ɗauko matarsa da 'yarsa tunda hanya ta bushe, ya ce sai ƙarshen wata. Ni ba zan iya jiran ƙarshen wata ba, kasuwa mai zuwa zan koma, duk abin da za a faɗa a Tambuwal a faɗa.

Allah ya yalwata wa Goggo makwancinta, ya rufa mata asiri a can yadda ta rufa wa wata a nan, ya shayar da ita daga abin da ya fi duk abin da ta dama. Wanda aka karanta wa wannan, ina roƙonsa ya yi mata addu'a. In ya ɗaga hannu kuma ya haɗa da yara uku, nawa ɗaya da na surukata biyu, waɗanda ba a taɓa shimfiɗa musu tabarmar makoki ba.